Tsohuwar Waƙa da Tsohon Shiri: Tarke a Kan Maimaita Filayen Zaɓe a Rediyo

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wata ɗabi'ar sauraren rediyo da za ta ba Bahaushe mamaki in ya fara jin labarinta. Duk ƙarshen mako wasu tashoshi sukan ɗauko shirin da aka yi shekara 40 ko 50 da suka wuce, su sake sa shi kusan yadda yake, jama'a kuwa su kasa kunne kamar yau aka yi shi. Shirin shi ne American Top 40, wanda Casey Kasem ya fara gabatarwa a watan Yuli na 1970. Tsarinsa ba wuya: a jero waƙoƙi 40 da suka fi tashe a wannan mako bisa ƙididdigar mujallar Billboard, a fara daga ta 40, a yi ta gangarowa har a kai ta ɗaya. Kasem ya rasu a 2014, amma ba a daina jin muryarsa ba.

Abin tambaya a nan shi ne, me mai sauraro yake nema? Ya riga ya san waƙar da za ta zo ta ɗaya, kuma duk waƙoƙin yana iya samunsu a wayarsa. Wannan takarda za ta ɗauki tambayar ta kawo ta gida, ta auna yadda mu muke yi da namu tsofaffin shirye-shiryen.

2.0 Filin Zaɓi Sonka

Rediyon Hausa bai ginu a kan jera waƙoƙi bisa yawan ciniki ba. Kamfanoni irin su EMI sun buga faya-fayen makaɗan Hausa, amma darajar makaɗi a wurin Bahaushe ba a kanti ake auna ta ba. Ana auna ta da iyayen gidansa, da kyautar da ake yi masa, da yadda fili yake cika in ya saɓa kalangu ko kotso. Abin da ya fi kusa da wancan shiri na Amurka a wurinmu shi ne Zaɓi Sonka, musamman na Rediyon Kaduna, gidan da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962 zamanin Sardauna, wanda ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a ƙarshen shekarun 1970.

Mai sauraro yakan rubuto kati ko wasiƙa, ya zaɓi waƙa, ya jero waɗanda yake so a gaisar masa. Mai gabatarwa ya karanta: daga wane a Funtuwa, yana gaida mahaifansa, da wane a tashar motar Gusau, da wance a Maraɗi, da dukkan masu sauraro. Sau da yawa gaisuwar takan fi waƙar tsawo, har a rage sautin kiɗan don a ƙarasa sunaye. Wanda bai saba ba zai ce an ɓata masa waƙa. Ga masu shirin kuwa, waƙar goro ce kawai da ake haɗawa da saƙo. Da yake tashar tana watsa shirye-shirye a gajeren zango, a kan mita 49, sunayen garuruwan sukan tsallake iyaka zuwa Nijar da Kamaru da Gana. Hausawan da suka yi nisa ƙwarai, irin na Gadarif da Mai Wurno a Sudan, su ma gajeren zango ne ƙofarsu ta jin Hausar gida. Masu yawan aiko da kati suka san juna ta suna tun ba su ga juna ba, suka yi wa kansu laƙabi, suka kafa ƙungiyoyi, suna ziyartar juna a biki da suna.

To, a nan ma akwai ƙididdiga, sai dai ba a rubuce take ba. Waƙar da kati ya fi yawa a kanta ita ake yawan ji. A Indiya an haɗa hanyoyin biyu: shirin Binaca Geetmala, wanda Ameen Sayani ya fara gabatarwa a Rediyon Silon a 1952, yakan duba cinikin faifai, ya kuma duba ra'ayin ƙungiyoyin masu sauraro. Shi kansa Kasem, daga 1978, ya shigar da wani ɗan fili na karanta wasiƙar mai sauraro da ke son a sadaukar da waƙa ga wani nasa na nesa, kuma yana cikin abubuwan da masoya shirin suka fi tunawa. Wato abin da suka tsinta daga baya a matsayin ƙari, shi ne ginshiƙin shirin a wurinmu tun farko.

3.0 Abin da Muke Maimaitawa

Sha'awar tsofaffin waƙoƙi ba ta yi ƙaranci a ƙasar Hausa ba. Tun da dokar 1992 ta ba da damar kafa tashoshi masu zaman kansu a Nijeriya, aka kuma buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, wasu suka biyo baya, da wuya a sami tashar FM ta Hausa da ba ta da filin tuna baya. Masu tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa suna da su jibge, haka ma YouTube. Amma a lura da abin da ake maimaitawa: waƙa ce tsirara, an zare ta daga shirin da ta fito a ciki, mai gabatarwa na yau ya zaɓo ta da ma'aunin yau.

Wannan zaɓe shi ne inda nake da ja. In aka ce tsohuwar waƙa, hannu yakan tafi kai tsaye ga Mamman Shata (ya rasu a 1999), da Musa Ɗanƙwairo (1991), da Ɗanmaraya Jos (2015), da Narambaɗa. Babu mai musun girman waɗannan. Amma wanda ya girma yana jin su kaɗai zai ɗauka cewa kunnen iyayensa bai taɓa jin komai ba sai waƙar fada da waƙar gargaɗi. Alhali mutanen da suka cika kati suna neman Shata su ne suka nemi kukumar Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka, da gurmin Haruna Uji, da amadar Barmani Coge, da kuma waƙoƙin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi waɗanda ba su san ma'anar kalma ko ɗaya a cikinsu ba. Abdalla Uba Adamu ya nuna yadda makaɗa irin su Abdu Yaron Goge da Ali Makaho suka ari karin waƙoƙin Indiya suka ɗora musu Hausa, tun kafin a san wani abu wai shi fim ɗin Hausa na bidiyo. Ana jin waɗannan jefi-jefi, amma ba daidai da matsayin da suke da shi a kunnen mutanen wancan zamani ba.

Sakamakon wannan tacewa shi ne wata tatsuniya da ɗalibai suke yawan kawowa cikin kundayensu, cewa waƙar da duk tarbiyya ce, ta yanzu kuwa, ta fiyano, duk shashanci ce da kwaikwayon Indiya. Dattawan da ke faɗin haka sun manta cewa a ƙuruciyarsu goge ake kira kan bidi'a, kuma ba kowane uba ne zai so a ga ɗansa a gidan da ake kukuma ba. (Ba ina cewa waƙar yanzu ta kai ta da ba ne, wannan wata muhawara ce daban, kuma ba da irin wannan shaida za a yanke ta ba.)

A nan ne maimaita shiri sukutum ya fi zaɓen waƙa gaskiya. Wanda ya saurari American Top 40 na wani mako a 1975 dole ya haɗiye waƙar da ta zo ta 37, wadda kowa ya manta da ita, wadda wataƙila ma ta cancanci a manta. Ba a tace masa ba. Yana jin abin da mutane suka so a wannan mako, har da abin da za su ji kunyar cewa sun so. Ina ganin wannan ne amsar tambayar da muka yi a farko: makon yake nema, waƙar tana cikinsa ne kawai.

4.0 Harshe da Kaset

Ga ɗalibin harshe, asarar ta wuce ta tarihin kiɗa. Hanyar nazarin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993) ta koya mana mu nemi salsalar waƙa da turkenta, mu bi ɗiyanta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi mana amfani ƙwarai. Sai dai mun saba tsayawa inda makaɗi ya tsaya. Ba mu cika tambayar wa ya zaɓi waƙar, ga wa ya aika ta, da wane lafazi ba. Katin zaɓe ɗaya yana ɗauke da jerin girmamawa, domin ba a gaida aboki kafin mahaifi. Yana ɗauke da alkunya, domin saurayi ba zai ce budurwata ba, sai ya sakaya. Yana ɗauke da sunayen sana'o'i da unguwanni da tashoshin mota da wasunsu suka shuɗe. Ga kuma Hausar mai gabatarwa kansa, yadda yake karanta rubutun Basakkwace ko Badamagare da bakinsa na daidaitacciyar Hausa, inda yake gyarawa da inda yake bari. Bayan shigowar wayar salula a 2001, kira da saƙon tes suka maye gurbin kati, jimlolin suka gajarce, zubin ya sauya.

Me ya sa ba a maimaita waɗannan shirye-shirye? Dalilin na kayan aiki ne kafin ya zama na ra'ayi. American Top 40 ana naɗarsa ne tun kafin ranar, a buga shi a kan faya-fayai, a aika wa tashoshi. Saboda haka kowane mako yana da kwafi masu yawa a wurare daban-daban. Filin zaɓe kuwa yawanci kai tsaye ake yinsa, da an faɗa iska ta kwashe. Inda aka naɗa ma, tef yana da tsada, gidajen watsa labarai a ko'ina sukan goge su sake naɗi a kai. Ko BBC ta goge da yawa daga cikin shirinta na talabijin Top of the Pops na shekarun 1960. Waƙar Shata an ɗauke ta abin ajiya, karanta sunaye kuwa an ɗauke shi aikin yau da gobe.

Saura wuri ɗaya da za a duba, wato akwatunan masu sauraro. Mutumin da ya san za a karanta katinsa yakan dasa rikoda kusa da rediyo don ya kama sunansa, kuma irin wannan kaset ɗin ba a cika yar da shi ba. Zafi da ƙura da damshi suna cin sa, masu shi kuma suna tsufa, magada kuwa ba lalle su san abin da ke ciki ba. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya farawa daga tsofaffin 'yan ƙungiyar Zaɓi Sonka na garinsu. In ya sami kaset, ya juye shi a kwamfuta gaba ɗayansa, ya rubuta wanda ya naɗa da garin da shekarar gwargwadon abin da mai shi ya tuna. Ya kuma tsaya a kan mai juyewar, domin masu wannan sana'a sun saba yanke surutu su bar waƙa, suna ganin gyara suka yi.