Mai kwance bam a majigi: jarumi ko majinyaci?

Fim ɗin yaƙi ya saba da hayaniya: runduna, igwa, kururuwa. Sojan kwance bam kuwa shi kaɗai yake tafiya, cikin sulke mai nauyi, yana nufar abin da kowa ke gudu. A kan wannan tafiya Kathryn Bigelow ta gina The Hurt Locker (2008), wanda ɗan jarida Mark Boal ya rubuta bayan ya zauna da irin waɗannan sojojin Amurka a Bagadaza a 2004. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar shida a 2010.

Saje William James, wanda Jeremy Renner ya fito a matsayinsa, ya kwance bam 873. A ƙarƙashin gadonsa yana ajiye da akwati cike da guntayen wayoyi da makunnan bama-baman da suka so kashe shi, kamar yadda wani ke adana wasiƙun masoyiya. Amma ba a fagen daga aka fi ganin rauninsa ba. Sai da ya koma gida, ya tsaya a babban kanti gaban jerin kwalayen abincin karin kumallo, ya rasa wanda zai ɗauka. Mutumin da ke zaɓen waya guda tsakanin rai da mutuwa ya kasa wannan ƙaramin zaɓi. Daga nan ya bar mata da jariri ya koma Iraki, kwana 365 na jiransa. Sabo turken wawa.

A nan ne kuma fim ɗin ya yi tuntuɓe. Labarin na cewa James majinyaci ne, kyamara kuwa tana yi masa kirari. Idan ya tuɓe sulke ya jefar da na'urar magana, mai kallo sha'awa yake ji, ba tausayi ba. Tsofaffin sojoji da dama sun soki wannan, domin sana'ar ta haƙuri ce da bin ƙa'ida, kuma mai ganganci irin nasa abokan aiki yake jefawa cikin halaka.

Wanda ya ɗauki ainihin nauyin yaƙi shi ne Eldridge, matashin da ke zargin kansa da mutuwar shugabansu na farko, don ya yi jinkirin harbi. Likitan ƙwaƙwalwar da ke lallashinsa ya biyo su aiki, bam ya tashi da shi a gaban idonsa. Duk da haka a gefe aka ajiye Eldridge, don tsoro ba ya sayar da tikiti kamar ƙarfin hali.

Ƴan Iraki kuwa, galibi daga taga da baranda ake hango su, ana tuhumar kowannensu. Sojan da ya gaji yana da ranar komawa gida. Su a kan wannan titin ƴaƴansu za su bi gobe, kuma fim ɗin bai tambayi abin da hakan ke yi wa zukatansu ba.