Yadda Ake Rubuto wa Gari Rijiya

A garuruwa da yawa na ƙasar Gobir, daga Gatawa da Tsamaye har Turba da Bafarawa, za ka tarar da ƙungiyar ci gaban gari, kuma a cikinta akwai mutum guda da aka danƙa wa alƙalami. Sau da yawa malamin firamare ne, ko ma'aikacin asibiti da ya ajiye aiki. Magatakarda ake ce masa. Idan ka ga tankin ruwa a kan ƙarfe da faifan hasken rana a gefensa, da allo mai sunan wata hukuma, to da wuya a ce ba irin wannan mutumin ne ya yi watanni yana bin takarda kafin motar haƙa ta shigo gari ba.

A ƙofar dagaci yake farawa. "Ranka ya daɗe, muna neman izinin tara jama'a." Idan an taru, kowa ya faɗi abin da ya fi damunsa: wani kwalbati, wani rufin aji, wani magani. Magatakardan da ya san aiki ba ya rufe littafi a nan. Yakan sa a tara mata daban, a cikin gida, wata mai faɗa a ji ta jagorance su, domin abin da za su faɗa a can ba za su faɗe shi a gaban mazajensu ba, kuma galibi ruwa ne. Sai a ɗaga hannu a kan kowace buƙata, a rubuta wadda ta rinjaya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wannan takardar ita ce shaidar cewa gari ne ya nema, kuma masu ba da tallafi suna tambayarta.

Daga nan sai ƙidaya, kuma a nan nake ganin gwanintar ta fi fitowa. Kowa ya iya cewa ana wahalar ruwa. Shi kuwa gida-gida yake bi: "Inna, jarka nawa kuke sha a gidan nan kullum? Wa ke ɗebowa? Da wane lokaci yake fita, yaushe yake dawowa?" Ya je bakin rijiya a watan Afrilu, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, ya auna igiyar guga gaba-gaba. A ce gari yana da gida 200, kowane gida mutum 8, mutum 1,600 ke nan. Masana lafiya suna ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata a yini, saboda haka ana neman lita 32,000. Tanki mai cin lita 10,000 sai ya cika sau uku da ɗoriya kafin rana ta faɗi, wannan lissafin kuma shi zai nuna ƙarfin famfo da yawan faifan da za a saya. Sai ya ƙara abin da baƙo ba zai sani ba: dabbobi nawa ke sha, da iyalai nawa suka sauka a garin bayan an tashe su daga ƙauyukansu. A Sabon Birni da Isa wannan adadi na ƙarshe yakan sauya lissafin gaba ɗaya.

Kafin a nemi ko sisi, dole ƙungiya ta zama abin da hukuma za ta iya riƙewa: tsarin mulki a rubuce, rajista a ƙaramar hukuma ko a jiha, wani lokaci har a hukumar rajistar kamfanoni ta tarayya, da asusun banki wanda kuɗi ba ya fita sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. Filin da za a haƙa ma sai mai shi ya rubuta cewa ya ba gari, a gaban shaidu, don kada magada su tashi da rigima bayan shekara goma.

Sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa wani ilimi ne na daban. Shirin raya al'umma na CSDP, wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 2009 zuwa 2021, ya koya wa garuruwa da yawa tsarin: jama'a su zaɓi aiki, su kafa kwamitin gudanarwa, su kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin, shirin ya cika sauran. Bayansa shirin NG-CARES ya zo da dala miliyan 750 ga dukkan jihohi, sai ACReSAL mai dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda ya fi karkata ga zaizayar ƙasa, dashen itatuwa da tattalin ruwa. Ofishin jakadancin Japan a Abuja kuma yana ba da tallafin ƙananan ayyuka kamar aji, asibiti da ruwan sha, amma ba ya biyan albashi ko kuɗin fili. Magatakarda yana karanta sharuɗɗan nan layi-layi, yana sauraren sanarwa a Rediyon Rima, yana leƙa sakatariya. Akwai majalisar da ta shekara tana shan shayi tana jiran alkawarin ɗan siyasa. Shi a cikin shekarar ya san wa'adin rufe karɓar takardu na hukuma uku. Ya kuma koyi ajiye kwafin komai a takarda, tun da aka katse layukan waya a yankin a watan Satumban 2021.

Ƙiyasi shi ne zuciyar takardar, wato jerin duk abin da za a saya da farashinsa. Binciken ƙasa da masana ke yi da na'ura don gano inda ruwa yake, haƙa mita-mita, bututu, famfo, faifai, tanki, ƙarfen ɗora shi, siminti buhu-buhu, rodi, waya ta shinge. Yakan karɓi farashi a rubuce daga 'yan kwangila uku, ya sa kwanan wata a kan kowanne, don farashin siminti ba ya jiran kowa. Kason gari kuwa ba lalle ya zama tsabar kuɗi ba. Yashin da matasa za su kwaso daga gulbi a kan amalanke, tsakuwa, ruwan kwaɓi, kwanakin gayya, duk yana yi musu kuɗi bisa farashin kasuwa ya shigar. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mai ba da tallafi yana son ya ga ruwan cikin a rubuce.

Tambayoyi biyu ne suka fi kayar da takardu. Ta farko, wa zai gyara idan ya lalace? Amsa mai kyau tana da suna da lamba: kwamitin ruwa mai mata a ciki, ɗan kuɗin da za a karɓa a kan kowace jarka, matasa biyu da za a koya wa gyara, mai gadin faifai. Ta biyu ta shafi tsaro, kuma ɓoye ta ba ya amfani, domin masu karantawa sun san labarin yankin. Gwani yakan faɗi gaskiya, sannan ya nuna dabara: wace hanya mota za ta bi, a gidan wa za a ajiye kaya, wane wata ne ya fi sauƙin aiki kafin damina ta yanke hanya, da yadda za a riƙa aika hotuna masu nuna wuri da rana idan jami'i ya kasa zuwa.

Idan an amince, kuɗin ba ya zuwa gaba ɗaya. Kashi-kashi ake saki, kuma ba a ba da na biyu sai an ga lissafin na farko. Saboda haka kowace ƙusa tana da rasit, kowane rasit yana da lamba, ma'aji yana shigarwa a littafi, ana karanta abin da aka kashe a bainar jama'a. Ranar da ruwa ya zubo, mutane suna murna a bakin famfo, magatakarda yana tattara hotuna da rahoton kammalawa a cikin fayil guda, domin fayil ɗin za a fara tambaya idan gari ya koma neman ɗakin haihuwa.