Mai Kallon Fim, Ka Riƙa Rubuta Abin Da Ka Kalla

Ba a taɓa yin lokacin da kallo ya yi araha kamar yanzu ba. Matashi zai je wurin masu tura fina-finai a bakin kasuwa, ya miƙa wayarsa ko memori, a loda masa fassarar Algaita, da sabon zangon Labarina, da na Koriya, da na Turkiyya. Kafin sati ya zagayo ya cinye su duka, ya goge, ya koma a sake cika masa. Amma ka tare shi bayan wata biyu ka ce ya faɗa maka abin da ya kalla, sai ka ji ya fara kame-kame. Labarin wannan ya shige cikin na wancan, sunan darakta kuwa tun farko bai tsaya ya karanta ba. Shi ya sa nake goyon bayan wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a tsakanin masu son fim a duniya, wato mutum ya riƙa ajiye tarihin kallonsa, tare da ɗan ra'ayinsa a kan kowane fim, ko da layi biyu ne.

Abin da ya ƙara fito da ɗabi'ar fili shi ne manhajar Letterboxd, wadda Matthew Buchanan da Karl von Randow suka kafa a birnin Auckland na ƙasar New Zealand a 2011. Tsarinta mai sauƙi ne. Ka shigar da sunan fim da ranar da ka kalle shi, ka ba shi tauraro daga rabi zuwa biyar, ka rubuta abin da ka ji. Ta samu karɓuwa sosai a 2020 lokacin kullen korona, har ta kai fitaccen daraktan Amurka Martin Scorsese ya buɗe nasa shafin a 2023. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne, ta nuna cewa ba sai mutum ya karanta fim a jami'a ba kafin ra'ayinsa ya cancanci a rubuta.

Amfanin farko yana komawa ga mai kallon ne shi kansa. Mu dai sharhinmu na baka bai cika wuce kalma biyu ba, ko dai "ya haɗu" ko kuma "bai yi ba". Ranar da ka ɗauki biro don ka rubuta dalili, ranar za ka gane ashe ba ka taɓa tambayar kanka ba. Me ya haɗu a ciki? Labarin ne, ko 'yan wasan, ko waƙar? Ga irin abin da nake nufi, kamar yadda za a iya samu a littafin kowane mai kallo: "Daren Juma'a, ni da ƙannena, a talabijin ɗin falo. Wadda ta fito a uwar miji ta fi kowa iya wasa, harara ɗaya ta isar da abin da wasu sai sun yi ta surutu. Zaman sulhun da aka yi a ƙarshe ya yi tsawo, kuma an sasanta rigimar shekara goma cikin sauƙin da hankali ba zai ɗauka ba." Wanda ya rubuta wannan ya koyi abu biyu a dare ɗaya, ya gane ƙarfin wasan da ake yi da fuska, ya kuma gane raunin labarin da aka gaggauta ƙarshensa. In ya ci gaba da haka, idonsa zai buɗe, ba kuma zai ƙara jiran wani ya faɗa masa abin da ya kamata ya so ba.

Amfani na biyu ya fi shafar mu masu kallon fina-finan Hausa. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, an yi fina-finai masu tarin yawa. Sun fito a kaset ɗin bidiyo, aka koma faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka rarraba su ƙasa-ƙasa. Kaset ya tsufa, faifai ya karce, kasuwar CD ta durƙushe, harka ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Sangaya da Wasila har yau suna bakin mutane saboda sunan da suka yi, amma ina sauran da suka fito tare da su? Da yawa sai dai ka ji wani ya ce ya taɓa kallo, sunan ma ya kwanta masa. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, da mujallar Tauraruwa, da binciken masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun ceto mana tarihi mai yawa. Sai dai akwai ɓangaren da mai kallo ne kaɗai zai iya adanawa: yadda matan gida suka riƙa haɗa kuɗin hayar kaset, yadda ake cika tsakar gida da yaran unguwa, wane fitowar marigayi Rabilu Musa Ibro ce ta sa ɗaki ya kece da dariya, wace waƙa ce ta shiga gidajen biki. Letterboxd ma ba za ta ɗauke mana wannan nauyi ba, domin daga rumbun TMDb take samun sunayen fina-finai, kuma da yawa daga cikin namu ba su cikinsa. Littafin rubutu na ɗan makaranta, ko wurin rubutu na cikin waya, ya wadatar.

Na san akwai mai cewa, kallon ma cin lokaci ne, balle a ƙara da rubutu a kansa. Ina ganin akasin haka ne. Ɗan kasuwar da ba ya rubuta shiga da fita shi ne kuɗi ke zurare masa bai sani ba, haka ma lokacin mai kallo. Wanda ke rubutawa zai duba a ƙarshen wata ya ga da idonsa darare nawa ya bayar, da abin da ya samu a madadinsu. In ya ga shafi bayan shafi yana rubuta "ba wani sabon abu", shi da kansa zai rage, ya fara zaɓe. Uba ko uwa da suka saba wa yaransu da wannan kuwa, sun samu hanyar sanin abin da ke shiga idon yaran ba tare da faɗa ko ƙwace waya ba, sun kuma samu abin hira da su.

Amma ɗabi'ar tana da tarko, kuma ana ganin masu faɗawa. Akwai wanda ya mayar da ita gasa, burinsa kawai a ga yawan fina-finan da ya kalla a shekara, yana kallo yana tsallakewa don ya ƙara lamba. Akwai wanda zai leƙa taurarin da wasu suka bayar kafin ya ba da nasa, don kada a ce bai waye ba. Akwai kuma mai neman jimlar da za ta ba mutane dariya, ko da ta zalunci aikin da wasu suka yi wata da watanni suna yi. Duk waɗannan sun bar asalin abin. Tauraro uku ba zai tuna maka komai ba bayan shekara biyar, jimla ɗaya ta gaskiya ita ce za ta dawo maka da fim ɗin. A wajenmu ma akwai ƙarin tarko, domin sau da yawa in an fara maganar fim, kafin a yi nisa an koma kan rayuwar 'yan wasa, wa ya auri wa, wa ta fito daga gidan miji. Rubutun da nake kira a yi yana tilasta mutum ya tsaya kan aikin da ya gani, ya bar mutuncin mutane.

Abin da za a rubuta bai da yawa. Kwanan wata, sunan fim, darakta da marubucin labari, kamfanin da ya shirya, inda aka kalla da waɗanda aka kalla tare, sannan ra'ayi da harshen da mutum ke magana da shi kullum. A kula da sunan marubuci musamman, domin shi ne aka fi mantawa, alhali a hannunsa fim ke fara gyaruwa ko lalacewa. In shiri ne mai dogon zango irin Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in, a riƙa rubutawa a ƙarshen kowane zango, don a gane inda labari ya yi ƙarfi da inda aka fara jan sa.

Mun daɗe muna ƙorafin cewa fina-finanmu suna maimaita labari ɗaya. Masu shirya fim kuwa suna sayar da abin da ake saye ne. Ranar da aka samu masu kallo da yawa waɗanda suka san sunan marubuci, suke tuna abin da suka kalla bara, suke iya faɗin takamaiman inda fim ya gaza, dole masu shiryawa su ƙara ƙoƙari, domin sun san akwai masu riƙe da lissafi.