Teku a idon ɗan ci-rani: nazari a kan «Jaguar», «Moi, un Noir» da «Cabascabo»

Ƙasar Nijar ba ta da gaɓar teku, amma fina-finan farko da suka fitar da sunan ƴaƴanta a duniya, a bakin teku aka ɗauke su. Dalilin haka a fili yake. Tun zamanin fataken goro da ke zuwa Gwanja, mutanen wannan yanki sun saba da hanyar kudu. Da mulkin mallaka ya zo da haraji da aikin tilas, sai tafiyar ta zama al'adar samari: da an gama girbi a kama hanyar kurmi, a dawo da faɗuwar ruwan farko. Fina-finai uku sun kama wannan rayuwa tun tana ɗanya. Biyu na Jean Rouch ne, ɗaya na Oumarou Ganda. Idan aka jera su aka kalla, za a ga ba labari ɗaya suke bayarwa ba, kuma saɓanin da ke tsakaninsu ya cancanci malamai da ƙungiyoyin al'adu su tsaya a kansa.

Jean Rouch ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, a nan kuma ya haɗu da Damouré Zika, wanda ya zama abokin aikinsa har ƙarshen rayuwa. An ɗauki «Jaguar» a 1954 zuwa 1955, bai fito ba sai 1967. Samari uku ne suka tashi daga kasuwar Ayoru: Lam makiyayi, Illo masunci, da Damouré mai ilimin boko da son ado. Suka ratsa arewacin Dahome da ƙafa, suka sauka bakin teku, suka zille wa ma'aikatan kan iyaka, suka shiga ƙasar da ake kira Gana a yau. A can suka rabu. Illo ya yi dako a tashar jiragen ruwan Akara, Damouré ya samu aiki a wurin masu katako har ya zama shugaban leburori, Lam kuwa ya bi shanu zuwa Kumasi. Daga baya suka buɗe rumfa a babbar kasuwar Kumasi, sannan suka koma gida da tsaraba.

Daɗin fim ɗin daga muryoyinsa yake. Na'urar da Rouch ya yi aiki da ita ba ta ɗaukar magana, kuma da hannu ake wana ta, ba ta wuce ƴan daƙiƙoƙi sai ta tsaya. Bayan shekaru aka zaunar da samarin a gaban hotunansu, suna kallo suna sharhi, aka naɗi abin da suka faɗa. Shi ya sa mai kallo yake jin kamar yana zaune a dandali da dare, ƴan ci-rani suna ba da labari, wannan ya ƙara gishiri, wancan ya ƙaryata shi, kowa ya fashe da dariya. Sa'ad da suka fara ganin teku, mamakinsu na gaske ne, irin na mutumin da bai san ruwan da ya fi kogin Kwara ba. Sunan fim ɗin ma daga bakin samarin zamanin ya fito: «jaguwa» shi ne ɗan gayen birni mai tabarau da taba a baki, wanda ake kwatanta shi da motar da ke da wannan suna.

Sai dai wannan daɗi yana da farashi. A «Jaguar» babu wanda ya kwana da yunwa har ta karya shi, babu wanda ciwo ya kayar a zango, babu wanda ya rasa kuɗin komawa. Rouch ya san waɗannan abubuwa, domin a daidai lokacin yana binciken ƙaurar mutanen Nijar zuwa wannan ƙasa, amma ya zaɓi ya nuna tafiyar yadda matafiyi yake so a tuna da ita. Da suka iso gida, abin da suka tara cikin watanni ya ƙare a rabon kyauta na ɗan lokaci. Fim ɗin ya ɗauki wannan a matsayin nasara, tunda girma suka je nema, sun kuma samu. Bai tambayi abin da zai faru da rani mai zuwa ba.

«Moi, un Noir», wanda aka ɗauka a Abijan a 1957 ya kuma samu lambar Louis-Delluc a 1958, shi ya fara yin wannan tambaya. Jaruminsa Oumarou Ganda ne, haifaffen Yamai a 1935. Ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, ya yi yaƙin Indoshin, ya dawo bai samu aiki ba, ya gangara unguwar Treichville yana dako a tashar jiragen ruwa. A cikin fim ɗin shi da abokansa sun ari sunayen taurarin siliman Turawa. Shi ne Edward G. Robinson, abokinsa Eddie Constantine, wani kuma Tarzan, yarinyar da yake so Dorothy Lamour. Mai kallo na yau zai iya ɗaukar wannan wasa ne kawai. A gaskiya shi ne ginshiƙin fim ɗin. Mutumin da ke tashi da asuba ya tsaya ƙofar kamfani ko za a ɗauke shi aikin yini ɗaya, da dare ya shiga silima ya ga wani yana da mota da mata da ƙarfin faɗa a ji, ba abin mamaki ba ne ya ari sunansa ya yafa.

An tsara fim ɗin bisa kwanakin mako. Ranakun aiki na neman abinci ne. Asabar ta zuwa bakin teku ce da dambe da rawa, kuma a nan ne Robinson yake mafarkin ya zama zakaran dambe, ya mallaki gida, Dorothy Lamour ta zama matarsa. Tekun da ya ba samarin «Jaguar» mamaki, a nan wurin hutun yini guda ne ga wanda ya san Litinin na tafe. Da ta zo kuwa, ya ƙwanƙwasa ƙofar yarinyar, wani Bature ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Italiya ya buɗe. Suka yi dambe a cikin taɓo, Robinson ya sha kashi. Abokinsa Eddie Constantine kuma yana kurkuku saboda faɗa da ɗan sanda. Soyayya a wannan fim kaya ce ta kasuwa, mai kuɗi ke ɗauka, kuma muryar Ganda tana faɗin haka da ɗacin da babu marubucin da zai iya ƙaga masa.

Duk da haka, mai riƙe da na'ura da almakashi Rouch ne. Shi ya zaɓi abin da za a bari da abin da za a yanke, shi ya buɗe kowane babi da muryarsa. A wata muhawara da suka yi a 1965, Ousmane Sembène na Senegal ya zargi Rouch da masana irinsa da kallon mutanen Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Zargin ya yi wa «Moi, un Noir» tsauri, domin ƙwaro ba ya mayar da magana, Ganda kuwa ya mayar. Amma akwai gaskiya a cikinsa, kuma amsar da ta fi gamsarwa daga Ganda kansa ta fito, lokacin da ya karɓi na'urar.

«Cabascabo», wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969, ya fara daga inda «Jaguar» ya rufe. Tsohon soja ya dawo daga Indoshin da kuɗin sallama, abokai da mata da maroƙa suka kewaye shi. Kuɗin na ƙarewa aka watse aka bar shi. Ya nemi aiki, girman kansa na soja ya hana shi zama lafiya da masu ba da umarni, a ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara. Rabon kyautar da Rouch ya nuna a matsayin biki, Ganda ya nuna shi daga ɓangaren mai rabawa, washegarin bikin. Fim ɗin da Zabarmanci aka yi shi, bai kai awa guda ba, kuma ba shi da santsin hoton Rouch. Wasu wuraren suna tafiya da ɗingishi. Amma wanda ya taɓa ganin ɗan ci-rani ya sayar da rediyon da ya zo da ita don ya samu kuɗin motar komawa, zai gane wannan labari nan take.

Akwai giɓi guda da fina-finan uku suka yi tarayya a kai. Mata suna cikinsu a matsayin abin sha'awa ko abin zargi, ba a ji ta bakinsu ba. Dorothy Lamour ba ta samu damar yin sharhi a kan hotonta kamar yadda Robinson ya samu ba. Matar da aka bari a ƙauye da yara da rumbun da ya kusa ƙarewa kuwa, ko inuwarta ba a gani ba, alhali ita ke ɗauke da rabin nauyin ci-rani, a Zabarma ko a Adar. Ganda ya matso kusa da wannan batu a «Le Wazzou polygame», labarin Alhajin da ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, fim ɗin da ya ci babbar lambar FESPACO ta farko a 1972. Sai a 2004 Rahmatou Keïta ta juya na'ura ga Zalika Souley, tauraruwar waɗancan shekaru, ta bar ta ta ba da labarinta da bakinta a «Al'lèèssi».

Ganda ya rasu a ranar 1 ga Janairu 1981. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai, Damouré Zika ya bi shi a 2009. Hanyar da suka nuna kuwa ba ta mutu ba, sai dai ta yi rassa, wasu zuwa Abijan da Kwatano da Legas, wasu ta Agadas zuwa wani tekun na arewa. Ɗalibi a Tawa ko Maraɗi ko Damagaram da wuya a rasa ɗan ci-rani a gidansu. Malamin da zai nuna waɗannan fina-finai, ya kyautu ya bi jerinsu: tafiya, zama, komowa. Bayan kowanne ya tambayi ɗalibai wa ke magana, wa ya yi shiru, wa ya riƙe na'ura. Ƙungiyoyin al'adu kuma za su yi babban aiki idan suka nemi izinin fassara muryoyin zuwa Hausa, domin iyayen ɗaliban, waɗanda suka san hanyar kurmi da ƙafafunsu, su ma su zauna su kalla, su faɗi inda aka yi daidai da inda aka ƙara gishiri.