Io Capitano a Idon Mazaunin Sabha

A Sabha kallon fim na waya ne. Ma'aikata 'yan Nijar da 'yan Najeriya sukan taru da dare a ɗakunan haya na unguwar Gurda, kai biyar a kan waya ɗaya. Yawancin abin da ake kallo na gida ne, wato Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da Labarina na Aminu Saira. Ba ni da wata doguwar magana a kansu. Labarina yana jan zance fiye da kima, amma mai kewar gida ba ya ganin laifin wannan, gama muryar Kano yake nema.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Io Capitano, wato "Ni ne kyaftin", na Matteo Garrone, mutumin Italiya. Ya fito a 2023, ya ci kyautar ba da umarni a bikin fina-finai na Benis, ya kuma shiga takarar Oscar a 2024. Labarin samari biyu ne 'yan Dakar, Seydou da Moussa, waɗanda suka fita a ɓoye suka bi ta Agadas zuwa Libiya, da nufin ƙetarawa Turai. Da Wolof da Faransanci aka yi yawancinsa, amma wanda ya bi hanyar ba ya bukatar tafinta.

A Maroko aka ɗauki hotunan hamadar, duk da haka an kamo gaskiyarta. Ga mota cike da mutane tana gudu, wani ya faɗo, direba bai ko waiga ba. Duk wanda ya hau bayan Hilux daga Agadas zuwa Dirku, ya wuce Madama da Gatrun yana riƙe da sanda a tsakanin ƙafafunsa, ya san ba ƙari aka yi ba. Haka kuma gidan da aka kulle Seydou, inda ake cewa ka ba da lambar wayar iyayenka ko ka sha azaba. Mu a nan gidan bashi muke kiransa. Tun a watan Afrilu na 2017 hukumar IOM ta ba da rahoton sayar da baƙi a Sabha, a watan Nuwamba kuma CNN ta nuna gwanjon mutane kusa da Tarabulus. Rahoto yakan ba ka adadi, amma Seydou Sarr, yaron da ya fito a matsayin Seydou, ya ba mu fuskar mai tsoro wanda bai daina tausayi ba. Na kuma yaba da Martin, maginin da ya riƙe shi kamar ɗansa. Irin waɗannan dattawa suna nan, da su ake rayuwa.

Wurin da matar da ta mutu a hamada ta tashi sama tana bin yaron, wannan bai kwanta mini ba. Na gane mafarkin mai laifi a zuci ne. Amma aikina ya sa nakan zauna da waɗanda suka bar nasu a cikin rairayi ba jana'iza, ban kuwa taɓa jin wanda ya ba da labarin da irin wannan kyau ba.

Akwai kuma abin da fim ɗin ya tsallake. Mai kallo a Roma zai ɗauka duk baƙin da ke Fezzan teku ya nufa. Ba haka ba ne. Hausawan Damagaram da Maraɗi da Tawa da yawa ci-rani suke zuwa, su yi gini ko aikin gona ko kiwo, su aika kuɗi, su koma. Mutanen gari kuwa kusan duk an nuna su da bindiga ko bulala, ba a ga mai shagon da ke ba baƙo burodi bashi ba.

Babban abin da ya dame ni shi ne ƙarshensa. Seydou, ɗan shekara 16, ya tuƙa jirgin ruwa cike da mutane har gaɓar Sisili, yana ihu cewa shi ne kyaftin, sai aka rufe. Mai karatu, ka san abin da ke biyo baya? A dokar Italiya wanda aka samu riƙe da sitiyari ana iya tuhumarsa da safarar mutane. Fofana Amara, ɗan Gini wanda aka ɗauko wannan sashe daga labarinsa, kurkuku aka kai shi da ya sauka. Baturen da ke kallo wataƙila ya san wannan, ya ji ɗacin ihun. Yaron da ke kallo a Gurda nasara kawai ya gani. Nijar ta soke dokarta ta 2015 mai hana jigilar baƙi a watan Nuwamba na 2023, hanyar Agadas ta sake buɗewa, kuma samarin da na kalla tare da su ba su yi zancen gidan bashi ba. Kuɗin jirgi suka shiga tambayar juna.