Kafin ka zagi mai walda a Panteka

Idan ka taɓa kai firji gyara a Tudun Wada, aka haɗa maka bututun jan ƙarfe da na alminiyam, bayan wata biyu gas ya tsiyaye, na san abin da ka ce: aikin banza. To, dakata tukuna.

Alminiyam na narkewa a digiri 660, jan ƙarfe kuwa sai 1,085. Kafin ɗaya ya yi laushi, ɗayan ya zama ruwa. Idan kuma suka narke suka cakuɗe, wani sabon sinadari ne ke fitowa a mahaɗar, mai tauri amma mai saurin tsagewa kamar tangaran. Girgizar kwamfireso kaɗai ta isa ta buɗe shi. Haka ma alminiyam da baƙin ƙarfe. Ko gwanin gwanaye a Kasuwar Panteka bai isa ya sauya wannan ba.

Masana na da hanyar da suke ji da ita: haɗi ba tare da narkarwa ba. A goge fuskokin biyu sumul, a saka siririn falle na ƙarfe na uku a tsakani, kamar nikel ko azurfa, a matse su cikin tanderun da aka zuƙe wa iska. Zafin bai kai na narkewa ba, amma ya isa ƙwayoyin zarra su riƙa ratsawa daga wannan ɓangare zuwa wancan. Fallen nan shi ne mai shiga tsakani: yana jituwa da kowanne, ya hana su haɗuwar da ke haifar da tsagewa.

Hanyar na aiki, masu ƙera sassan jiragen sama sun daɗe da ita. Ƙorafina a kanmu ne, mu masu bincike. Muna yabonta a takarda, muna mantawa tana buƙatar tanderu mai tsada da wutar da ba ta ƙyaftawa na tsawon sa'o'i. A Kaduna? Ka san amsar.

Abin da zai amfani Panteka shi ne dabarar mai shiga tsakanin. Akwai tsinken haɗi na zinki da alminiyam da ke narkewa ƙasa da digiri 500, ya kama bututun biyu ba tare da sun narke ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna maƙwabciyar kasuwar ce, kamata ya yi a gwada irin waɗannan tsinkaye a can, a gaya wa masu gyara wanne ne ke jure girgiza da damina.

Kai kuma, gobe in ka kai firjinka, tambayi mai gyaran: “Malam, da me za ka haɗa?”