Waƙar da Aka Raba da 'Yan Amshinta

Waƙoƙin masu jihadi ba don ido aka yi su ba, don makogwaron jama'a aka yi su. Dubi *Tabbat Haƙiƙa* ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda 'yarsa Nana Asma'u ta mayar Hausa daga Fulatanci. Kowane baiti da kalmomin nan biyu yake rufewa. Mai bayarwa ya ja gargaɗi kan zalunci da cin amana, taro ya amsa. Wanda ya amsa kuwa ya zama shaida a kan kansa.

Haka 'Yan Taru suka ɗauki karatu. Jaji ta jagoranci matan ƙauye zuwa wurin Asma'u, a Sakkwato ko Wurno, ribaɗin da Muhammadu Bello ya rasu a 1837, su hardace, su koma gida suna rerawa tare.

Yau a waya muke jin irin waɗannan waƙoƙi: murya ɗaya, an yi mata ado da na'ura. Sun kai inda ƙafar jaji ba ta kai ba, wannan gaskiya ne. Amma mai sauraro ya koma ɗan kallo, bakinsa a rufe.

Asarar ta fi haka. Waƙoƙin coci na Mozart, wanda ya rasu a 1791, har karinsu an rubuta. Namu ajami kalmomi kaɗai ya adana. Karin yana bakin tsofaffi. Masu ɗaukar murya su nufi zaurukan Wurno, Rabah da Goronyo, su naɗo taro da amshinsa, tun masu karin suna raye.